Wa ke biyan kwanakin da ba a wasa?

A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Dalar da aka shiga shekarar ana saye a kan sidi 6 da 'yan kai, a watan Nuwamba ta doshi sidi 15 a hannun 'yan canji. Kowa a Akra ya san abin da wannan ya yi wa kwanon wake da shinkafa da kuɗin motar haya ta trotro. Abin da ba a cika zama a kansa ba shi ne halin da ƙungiyoyin makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo da masu zane da masu shirya fim suka shiga, musamman namu na Zango, waɗanda dama can babu ofishin da ke ƙirga su.

Mai kallo daga nesa zai ce ai babu abin da ya same su. An ci gaba da biki a Nima kowace Lahadi, an yi suna a Mamobi, an yi Maulidi a Fadama da Sabon Zango, kalangu bai yi shiru ba. Haka ne. Sai dai ƙungiya tana iya fita wasa kowane mako alhali tana cin jarinta ba ta sani ba, domin kuɗin da ke riƙe fasaha kashi biyu ne. Akwai kuɗin ranar wasa: motar ɗaukar kaya, hayar lasifika, ladan waɗanda suka fito. Akwai kuma kuɗin kwanakin da ke tsakanin wasa da wasa: hayar ɗakin da ake ajiye kaya ake bita, sauya fatar ganga da tsarkiyar da ta tsinke, gyaran makirfo, kuɗin wuta, kuɗin motar yaron da ke zuwa koyo daga Madina ko Ashaiman. Na farkon kowa yana son ya biya, tun da a ranar ake ganin mai bayarwa, a ranar maroƙi ke kiran sunansa. Na biyun babu mai shi. Idan tattalin arziki ya yi tsanani, na biyun ne ke fara kumbura, kuma shi ne ke kashe ƙungiya.

Ɗauki hayar ɗaki kawai. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata 6 a dunƙule, amma duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Akra ya san shekara ɗaya ko biyu ake nema. Ƙungiyar da wa'adin hayarta ya cika a ƙarshen 2022 sai ta nemo kuɗin shekara biyu a lokaci ɗaya, a sabon farashi, daga kuɗin shigar da ke zuwa mata sidi biyar-biyar. Da yawa sai su kwashe kaya su kai ɗakin shugaba. Daga ranar da kaya suka koma ƙarƙashin gadon mutum ɗaya, bita ta zama sai ya ga dama, kuma sannu a hankali kayan ƙungiya su zama nasa.

Mu dubi gwamnati, tun da ita ake fara zagi. Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa, wanda Sinawa suka gina aka buɗe a 1992, yana da ƙungiyoyi uku na zaune: ta rawa, ta wasan kwaikwayo da ta kiɗan sinfoni. Matsalarsu kishiyar tamu ce. Su gwamnati tana biyan albashinsu, wato an ɗauke musu wani ɓangare na kwanakin tsakani, amma kuɗin shirya sabon wasa yana cikin rukunin da ake fara yankewa. A watan Maris na 2022 ministan kuɗi na lokacin, Ken Ofori-Atta, ya sanar da cewa ragin da za a yi wa kashe-kashen da ba na dole ba zai kai kashi 30. Ma'aikaci yana nan, albashinsa yana shiga duk da hauhawar farashi ta gutsire shi, amma ba kuɗin kaya, ba na talla, ba na zagaya jihohi. Me ya rage wa irin wannan gida? Ya ba da hayar zaurensa ga kamfanoni da coci-coci da masu bikin yaye ɗalibai. Ga kuma wuta: an ƙara kuɗinta da kusan kashi 27 a Satumbar 2022, aka sake ƙara kusan kashi 30 a Fabrairun 2023. Zauren da ke ɗaukar mutum kusan 1,500 ba ya sanyaya da fatar baki, dole haya ta hau, kuma idan ta hau ƙaramar ƙungiya ce ke fara ficewa daga layi. Cibiyar Al'adu ta Kumasi, wadda A. A. Y. Kyerematen ya assasa tun 1951, da sauran cibiyoyin jihohi, duk a kan wannan tsari suke tafiya.

A takarda kam ba a rasa asusu ba. Dokar fim ta 2016 ta tanadi asusun raya fim. Dokar masana'antar fasaha ta 2020 ta tanadi nata. Shekaru aka kwashe masu sana'ar suna kukan cewa doka ta haƙa rijiya amma ba ruwa a ciki. Mu kuma namu na musamman shi ne Asusun Raya Zango na 2017, wanda cikin ayyukan da aka zayyana masa har da tallafa wa cibiyoyin al'adu da fasaha. Abin da jama'a suka fi gani a ƙasa shi ne ajujuwa da magudanun ruwa da filayen ƙwallo masu ciyawar roba, sannan a 2021 aka rushe ma'aikatar Zangon da aka kafa a 2017. Ban ga laifin magudanar ruwa ba, wanda ya taɓa ganin damina a bakin kwatar Nima ba zai ga laifinta ba. Abin lura shi ne duk inda aka haɗa fasaha da gini a kwano ɗaya, gini ne zai cinye, domin shi ake yanka wa ƙyalle a ɗauki hoto.

Kamfanoni fa? Nan ma sai an fahimci abin da ya same su. Tsakanin 2017 da 2019 an rufe bankuna da dama, kuma a watan Mayun 2019 kaɗai aka soke lasisin ƙananan cibiyoyin ba da rance 347. Waɗannan ƙananan su ne ke da reshe a bakin kasuwa, su ne manajansu zai iya ba ƙungiyar unguwa ɗan abin buga riguna. Ba a gama farfaɗowa ba sai annobar korona ta hana taro daga Maris na 2020. Sannan a Disambar 2022 gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, ta kuma kira masu riƙe da takardun bashinta na cikin gida su musanya su da wasu masu ƙarancin ruwa da dogon wa'adi. Bankuna da yawa suka rufe shekarar da asara. A daidai lokacin, takardar rancen gwamnati ta wata uku tana ba da ruwan kusan kashi 35 a shekara. To manajan da ke da rarar kuɗi a hannu, ga gwamnati tana roƙonsa da wannan farashi, ga kuma wasiƙar wata ƙungiyar wasan kwaikwayo daga Mamobi, wace zai fara buɗewa? Amsar da ake samu ita ce wadda kowa ya haddace: ku dawo wata mai zuwa, ba a saki kasafi ba tukuna.

Waɗanda aljihunsu bai bushe ba a irin wannan lokaci su ne kamfanonin waya, da masu giya, da masu cacar ƙwallo. Biyun ƙarshe kuwa ƙofa ce a rufe ga ƙungiyar Zango. Babu shugaban da zai rataya tutar giya ko ta caca a filin da limamin unguwa zai buɗe da addu'a, ya kuma kwana lafiya. Wannan bambanci ne na gaske tsakaninmu da masu shirya wasa a Osu ko East Legon, kuma duk mai ba da shawarar a je a nemi kamfani ya ɗauki nauyi, ba tare da ya san da wannan ba, shawarar wasu yake ba mu. Ko ga waɗanda ƙofar ke buɗe, dogaro da kamfani ɗaya yana da tarihinsa. Dattawa suna tuna wasannin barkwanci na Key Soap da ake yi a Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa a shekarun 1990, ana nunawa a talabijin. Da mai sabulu ya janye, abin ya dusashe. Uncle Ebo Whyte, wanda tun 2008 yake fitar da sabon wasa duk wata uku, ya daɗe ne saboda ya tara 'yan kallo masu sayen tikiti da kansu, kamfanoni suka biyo 'yan kallon. Shi ma tikitin ba duka yake shiga aljihu ba. A 2023, bayan an ɗaga harajin VAT zuwa kashi 15, idan aka haɗa shi da na lafiya da na ilimi da na korona, mai shirya taron da ke da rajistar haraji yana miƙa kusan sidi 18 daga kowane tikitin sidi 100.

Mu dai ainihin masu ɗaukar nauyinmu jama'a ne: uwar amarya, Magajiya da 'yan ƙungiyarta, Alhajin da ke da shago a Tudu, ɗan siyasa a shekarar zaɓe, da ɗan'uwan da ke Hamburg ko Bronx. Hanyar da kuɗinsu ke bi ta iso hannun makaɗi ita ce liƙi, kuma liƙi yana da wata ɗabi'a da ta sa hauhawar farashi ke yi masa illa fiye da kowane irin kuɗin shiga. Mai sayar da gawayi yana iya ƙara farashi da safe. Makaɗi ba ya iya ce wa Hajiya ta liƙa goma maimakon biyar. Takardar da ta saba canzowa ita za ta canzo, yawan da ta saba shi za ta watsa, a idon jama'a ba ta rage komai ba. Amma abin da ake saye da sidi 100 a ƙarshen 2021, sai an ba da wajen 154 a ƙarshen 2022. Tulin takardun da ake tattarawa a tabarma bayan biki bai ragu ba, abin da zai saya ne ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. (Babban Banki ma ya taɓa cewa zai maye gurbin takardun sidi 1 da sidi 2 da tsaba. Wanda ya yanke wannan shawara bai taɓa gwada liƙa tsaba a goshin mai kalangu ba.)

Sannan akwai jerin abin da uwar biki ke biya. Abinci ba ya raguwa, rumfa da kujeru dole ne, yayi kuwa, wato yadin bai ɗaya na biki, an riga an yanka. Idan kuɗi ya gaza, wurin da ake matsewa shi ne kiɗa: a maimakon mutum shida da ganguna, a kira yaro ɗaya da kwamfutarsa da lasifika biyu. Ba a soke biki ba, amma an soke makaɗa, kuma wanda ya saba da arhar DJ ba lalle ya dawo ba ko bayan kuɗi ya samu.

Mafi tsananin matsi yana kan waɗanda ke karɓar sidi suna sayayya da dala. Kyamara, makirfo, fitilun dandamali, fentin zane mai kyau, duk daga waje suke zuwa. A ce mai shirya fim na Hausa ya tara sidi 6,000 a Janairun 2022 da niyyar sayen kyamarar dala 1,000, sai ya ce bari ya jira bayan Sallah. Kafin Nuwamba kuɗin nan dala 400 da ɗoriya ne. Bai ci ko sisi ba, bai yi sakaci da amana ba, jira kawai ya yi.

Wanda ke tsaye a ɗaya gefen kuwa, wato mai karɓar dala yana kashe sidi, shi wannan lokaci ya yi wa daɗi. Ibrahim Mahama, mai aikin fasaha da buhunan koko da gawayi, ya buɗe cibiyarsa ta fasaha mai suna SCCA a Tamale a 2019 da kuɗin ayyukansa da ake saye a waje, ya kuma ƙara wasu bayanta. Mai zane Amoako Boafo ya buɗe wurin aikin masu zane mai suna dot.ateliers a Akra a watan Disambar 2022, watan da hauhawar farashi ta kai ƙololuwa. Sun cancanci yabo, domin sun zuba kuɗinsu a daidai inda kowa ke gudu, wato gini da wurin aiki da kwanakin tsakani. Amma kada a ɗauke su a matsayin darasi ga kowa. Zane yana shiga jirgi ya je Landan a saye shi. Kirarin da maroƙi ke yi wa zuriyar wani gida a Sabon Zango ba shi da mai saye sai mutanen gidan. Ko a cikin masu zanen, irin su Moh Awudu da matasan Nima Muhinmanchi Art da suka ƙawata bangayen unguwa, aikin bango ba ya naɗuwa a kai kasuwa, sai dai wani ya biya kafin a fara.

Wannan wanin sau da yawa cibiyoyin ƙasashen waje ne, irin su Goethe da Alliance Française da British Council. Kuɗinsu yana da auki, amma na aiki ɗaya ne mai farko da ƙarshe, kuma da wuya ya biya haya ko albashi. Kafin ma a kai nan, suna son takardar rajista, da asusun banki da sunan ƙungiya, da lissafin shekarun baya, da takardar neman tallafi cikin Turanci mai santsi. Yawancin ƙungiyoyinmu a tambayar farko suke faɗuwa.

A nan ne nake ganin laifin ya dawo gida. Ƙungiyoyi da yawa asusunsu shi ne lambar MoMo ta shugaba, wato asusun kuɗinsa na waya. Kuɗin biki ya shiga nan, gudummawar ɗan'uwa daga Jamus ta shiga nan, kuɗin makarantar 'ya'yansa ma daga nan yake fita. Ba sata ba ce, cakuɗewa ce, amma sakamakon ɗaya ne. A lokacin yalwa ba mai tambaya. A lokacin tsanani sai wani yaro ya yi ƙarfin hali ya ce, “Ranka ya daɗe, Sarkin Makaɗa, nawa ya rage a asusu?” Amsar da zai samu ita ce, “Yanzu ni ne ba ku yarda da ni ba?” Daga nan maganar kuɗi ta koma maganar mutunci, kuma ba a cika tashi daga irin wannan zama ƙungiya tana ɗaya ba. Ƙungiyoyin mata sun fi mu a nan nesa ba kusa ba. Magajiya tana da littafi, tana da ma'aji, ana karanta wanda ya biya da wanda bai biya ba a gaban kowa, kuma babu wadda ke ɗaukar wannan a matsayin cin fuska.

Abubuwan da ke ceton ƙungiya a irin wannan yanayi ba su da ƙyalli. A karɓi kafin alƙalami ranar da aka yi ciniki, a kuma sayi abin da za a saya a ranar, kada a bar kuɗi ya kwana. A cire kason ƙungiya kafin a yi rabo, ko da ɗaya cikin goma ne, domin idan aka bari sai bayan rabo ba abin da zai rage. Wannan kason kuma kada ya zauna a matsayin takarda. Bankin da ke ba da ruwa mai yawa ba wurinmu ba ne, rancensa ma da ruwansa ya haura kashi 30 a wancan lokacin ba mai iya ɗauka, saboda haka ajiyarmu kaya ce: fata, yadi, kujeru, rumfa, janareta. Adashi ma sai an sake masa lissafi, domin a shekarar da farashi ke gudu, wanda ya ɗauka a farko ya ci, na ƙarshe ya yi wa kowa aiki. Gajeren zagaye ya fi, ko a yi adashin kaya kai tsaye.

Kujeru da rumfa suna da wani amfani: biki ko ya kori makaɗa ba zai kori kujera ba, ke nan ƙungiya tana samun wani abu daga taron da ba a gayyace ta ba. Haɗarinsa shi ne wanda ya sami Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa. Haya ta fi wasa kawo kuɗi kuma ta fi shi sauƙi, bayan shekara biyu sai a duba a ga masu ba da hayar kujeru ne da ke da tsofaffin ganguna a lungu. Maganinsa a rubuta tun farko abin da kuɗin hayar zai biya, ɗakin bita da kuɗin motar masu koyo, a kuma karanta shi a taro.

Na nace a kan masu koyo ne saboda su ake fara sallama, su ne kuma asarar da ba ta dawowa. Babban makaɗi yana da suna, zai lallaɓa. Yaron da ya yi shekara uku yana riƙe ƙaramar ganga, idan ba a ba shi ko kuɗin mota ba, zai hau babur ya yi acaɓa ko kai saƙo, ko ya bi dillalin da ke kai mutane aikatau ƙasashen Larabawa. Gana ta taɓa ganin wannan. Dokar hana fitar dare ta 1982 zuwa 1984, a tsakiyar wani matsin da ya fi na 2022, ta rufe gidajen rawa, makaɗan hailaif suka watse zuwa Nijeriya da Jamus da Ingila, waɗanda suka rage da yawa suka shige coci, inda ake da kayan kiɗa da albashi. A 1996, ƙarƙashin shirin sayar da kadarorin gwamnati, aka sayar da mafi yawan hannun jarin kamfanin fim na ƙasa ga wani kamfanin Malesiya. Gidajen sinima irin su Orion da Dunia ta Nima suka zama sunan da ake kwatance da shi. Tattalin arziki ya miƙe daga baya, amma manyan ƙungiyoyin kiɗa masu mutum goma sha ba su dawo yadda suke ba, domin sarƙar koyarwa ta riga ta tsinke.

Yanzu alƙaluma sun yi sauƙi. Asusun ba da lamuni na duniya, IMF, ya amince wa Gana da rancen dala biliyan 3 a Mayun 2023, an soke harajin tura kuɗi ta waya a Afrilun 2025, hauhawar farashi ta sauko ƙasa da kashi 10 kafin ƙarshen shekarar. Saukowarta dai tana nufin farashi ya rage gudu ne, bai koma inda ya taso ba, kuma takardar liƙi har yanzu ita ce ta da. Sidin ma ya yi wani juyi da ya kama waɗanda suka tsira a 2022: daga sama da 15 a kan dala a watan Afrilun 2025 ya dawo 10 da 'yan kai kafin Yuni ya ƙare. Ƙungiyar da a ce ta sa hannu a kan tallafin dala 10,000 a Afrilu, ta yi kasafinta a kan sidi 150,000 da ɗoriya, ranar da kuɗin ya iso sai ta tarar da abin da bai fi 105,000 ba, ga aikin da ta yi alkawari yana nan yadda yake, mai gidan haya da mai fenti kuma babu wanda ya rage mata ko sisi.